Yadda Ake Zama Malamin Jami'a Mai Binciken Haihuwar Dabbobi

Saniya tana ɗaukar ciki kwana 283 ko kusa da haka. In ana so ta riƙa haihuwa duk shekara, kwana 80 da 'yan kai ke nan suka rage mata bayan ta haihu, kuma a cikinsu za ta warke, ta sake neman bijimi, ta ɗauki wani cikin. A yawancin garkunanmu lissafin ba ya fita haka. Karsanar Bunaji da ke kiwon daji takan kai shekara huɗu, wani lokaci har biyar, kafin ta yi haihuwar fari, daga nan kuma ta riƙa tsallake shekara. Shekarar da ta tsallake babu maraƙi, babu nono, ga shi kullum sai ta ci ta sha. Gano abin da ke jawo wannan jinkiri da yadda za a rage shi, a shanu da tumaki da awaki da raƙuma da dawaki, shi ne aikin fannin da jami'o'i ke kira Tiriyojinoloji, wato ilimin haihuwar dabbobi da cututtukanta. Duk mai son zama malamin jami'a a wannan fanni, namiji ko mace, ga hanyar daki-daki. Abin da zan yi ta nanatawa shi ne: hannunka ya iya aikin tun kafin sunanka ya hau takarda, kuma tambayar da za ka bincika ta fito daga garke.

Ƙofar shiga

A Najeriya ba a zama likitan dabbobi sai da digirin likitancin dabbobi, DVM, wanda ke ɗaukar shekara 6 ga wanda ya shigo ta JAMB. Ana buƙatar kiredit a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji a WAEC ko NECO, a JAMB kuma Turanci da darussan kimiyyar nan uku. A Arewa tsangayar da ta fi daɗewa ita ce ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda aka kafa a tsakiyar shekarun 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka. Akwai ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da ta Maiduguri, Makurɗi, Abuja, Jos, Ilori, da ta Bayero a Kano. Ɗan Nijar kuwa, hanyar da aka daɗe ana bi ita ce makarantar likitocin dabbobi ta Dakar, EISMV, da aka buɗe a 1968 domin ƙasashe masu amfani da Faransanci. Kafin ka cike fom ka tabbatar Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, VCN, ta amince da tsangayar, domin ita za ta yi maka rajista ranar da ka gama.

Wanda ya karanta Kimiyyar Dabbobi a tsangayar noma shi ma yana iya binciken haihuwa ta ɓangaren kiwo da fiziyoloji, amma duba dabba maras lafiya da tiyata da rubuta magani na mai DVM ne.

Kada ka wulaƙanta shekarun farko na anatomi da fiziyoloji da bayokemistiri. Wanda bai fahimci yadda sinadaran homon ke hawa da sauka a kwana 21 na zagayen neman bijimin saniya ba, ko kwana 17 na tunkiya, zai ƙare yana yin allura da ka. Sakamakonka ma yana da amfani nan gaba, tunda ranar da sashe zai ɗauki malami, takardar makinka ta aji-aji suke fara buɗewa.

Horar da hannu

Nan ne ginshiƙin abin, kuma nan ne ɗalibai suka fi yin sakaci. Ba sai ka jira an kai ku aikin gwaji na aji ba, inda mutum arba'in ke layi a kan saniya ɗaya. Ka fara daga kwata. Bayan sallar asuba ka je, ka gaida sarkin fawa da likitan da ke duba nama, ka roƙi a riƙa ajiye maka mahaifar shanun da aka yanka haɗe da gidajen ƙwanta. Ka shimfiɗa ta a tebur ka ƙare mata kallo, sannan ka sa ta cikin baƙar leda, ka zura hannu ba tare da kana gani ba. Ka fara neman wuyan mahaifa, za ka ji shi da tauri da gaɓa-gaɓa kamar wuyan kaza. Daga nan ka bi gaba har inda mahaifar ta rabu ƙaho biyu, ka bi kowane ƙaho zuwa gidan ƙwai. A kansa ka koyi bambance ƙullin ruwa mai taushi da santsi, wanda ƙwai ke nuna a cikinsa, da rawayan ƙullutu mai ɗan tauri wanda ke fitowa bayan ƙwan ya fashe, shi ne mai samar da furojestaron, homon ɗin da ke riƙe ciki. Ka faɗi abin da hannunka ya ji, ka rubuta, sannan ka fito da ita ka tsaga da wuƙa ka ga ko ka yi daidai. Wata biyu kana haka kowane mako, hannunka zai wuce na yawancin 'yan ajinku.

A kwatar kuma za ka ga abin da zai dame ka: 'yan tayi a cikin shanu da awaki da taguwoyin da aka yanka da ciki. An yi rubuce-rubuce da yawa a kan wannan asara a mayankan ƙasar nan, har yanzu kuma ana yi, saboda ba a duba ciki kafin yanka a wurare da dama.

Sai ka koma kan saniya mai rai. Yanke farce, cire zobe da agogo, sa doguwar safar leda har kafaɗa, shafa mata abin santsi, a kuma kame saniyar yadda ba za ta ji maka ko ta ji wa kanta ciwo ba. Ta dubura ake shiga. In ta yi yunƙuri ka dakata har ya wuce, kada ka yi kokawa da hanji, za ka iya yaga shi. Ka kwashe kashin ba tare da kana fitar da hannu gaba ɗaya ba, don in iska ta shiga duburar takan kumbura ta sandare, ba abin da za ka ji. Gwanin hannu yana gane ciki daga kwana 35 zuwa 45: ƙaho ɗaya ya fi ɗaya girma, akwai ruwa a ciki, kuma in ka ɗan tsunkuli bangon mahaifa a hankali za ka ji tantanin tayi ya sulle tsakanin yatsunka. Wajen wata uku za ka fara jin ƙulle-ƙullen da mabiyiya ke maƙale wa mahaifa da su. Duk saniyar da ka duba ka rubuta ranar da hasashenka na watannin cikin, ka bibiya har ta haihu. Na'urar sikanin tana nuna ciki tun wajen kwana 28 zuwa 30, kuma lallai ka koye ta, musamman don tumaki da awaki da hannu ba ya shiga. Sai dai a ruga, inda babu wuta kuma batir ya mutu, hannun ne zai fitar da kai.

Kada ka manta da namiji. In garke ba ya haihuwa, saniya ake fara zargi a ce juya ce, alhali bijimi ɗaya maras ƙarfi yana iya jawo wa shanu talatin asarar shekara. Ka koyi duba shi tun daga ƙafafu da idanu, don wanda ƙafar bayansa ke ciwo ba zai yi hawa ba. Ka auna kewayen marainansa da tef, ka taɓa ka ji ko akwai kumburi ko tauri. Ka koyi ɗibar maniyyi, ka ɗiga a gilashin da aka ɗumama daidai zafin jiki, domin gilashi mai sanyi yana kashe motsin ƙwayoyin, ka yanke wa lafiyayyen bijimi hukuncin da bai cancanta ba. Da rinin iyosin da nigirosin za ka ga matattun ƙwayoyi sun sha ja-ja, rayayyu sun tsaya fari. Ma'aunin da aka fi amfani da shi, na ƙungiyar masana fannin ta Amurka, yana neman aƙalla kashi 30 cikin 100 masu tafiya gaba, da kashi 70 masu kyakkyawar sura. Ka riƙe kuma cewa ƙwayar maniyyin bijimi tana ɗaukar kusan kwana 60 kafin ta kammala, saboda haka wanda zazzaɓi ko sammore ko tsananin zafi ya taɓa yau, maniyyinsa zai iya lalacewa har wata biyu. Ba a cewa a sayar da bijimi da dubawa ɗaya, sai an sake bayan kwana 60.

In an yi hutu, ka nemi zuwa Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa, NAPRI, da ke Shika kusa da Zariya. Gonar gwamnati ce tun 1928, ta zama cibiya a 1976, kuma tana da sashen ɗurin maniyyi. A irin wannan wuri za ka ga tulun ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ka koyi zaro siririn bututun maniyyi da sauri, ka narkar da shi a ruwa mai ɗumin digiri 35 zuwa 37 na daƙiƙa 30 zuwa 45, ka goge shi tsaf domin ɗigon ruwa yana kashe maniyyi, sannan ka ratsa wuyan mahaifa da bindigar ɗuri ka zuba a daidai bakin cikin mahaifar. Ƙa'idar lokaci mai sauƙi ce: wadda aka ga ta tsaya ana hawanta da safe a yi mata da yamma, wadda aka gani da yamma a yi mata washegari da safe. Wahalar ita ce shanunmu masu tozo neman bijiminsu gajere ne, sau da yawa cikin dare, wani lokaci ma ba alamar da ido zai kama.

Bayan rantsuwa

Da ka gama, VCN za ta rantsar da kai ta ba ka lambar rajista, sai bautar ƙasa. Ka yi ƙoƙari shekarar ta faɗo a inda akwai dabbobi: asibitin koyarwa na dabbobi, cibiyar bincike, asibitin gwamnatin jiha mai yawan aiki, ko gonar madara. Kowace naƙudar da ta gagara, kowace mabiyiyar da ta maƙale, kowace mahaifar da ta fito waje, ka kasance kana wurin, ka kuma rubuta.

Ƙofofin aiki biyu ne. Akwai sashen jami'a, inda za ka haɗa koyarwa da bincike da duba dabbobi a asibiti. Akwai cibiyoyin bincike irin su NAPRI da ta Vom a Filato, wadda ke can tun 1924 kuma ita ke haɗa alluran rigakafin dabbobi. Matakin da ake ɗaukar mai DVM ya danganta da jami'a, wasu mataimakin lakcara, wasu Lakcara II. In babu gurbi yanzu, ka shiga digiri na biyu kana wani aikin, ka riƙa halartar taron gabatar da bincike na sashen kana yin tambaya. Sashe ya fi son ɗaukar wanda ya riga ya ga aikinsa.

Digiri na biyu: malami da tambaya

Kafin ka zaɓi wanda zai duba aikinka, ka sami tsofaffin ɗalibansa ka tambaye su a sirrance. Shekara nawa suka yi kafin su gama? In an kai masa babi, yana karantawa ya dawo da shi da gyara, ko sai ya yi wata shida a mota? Yana da dabbobi ko gonar da yake aiki da ita? Yana shiga garke da kansa? Babban suna yana da daɗin faɗa, amma malami matsakaici da ke zama da kai a ɗakin gwaji zai fi yi maka amfani.

Zaɓen tambaya kuwa, nan nake so ka tsaya sosai. Akwai wata hanya mai sauƙi da ta yi yawa a kundayen digirinmu: a sayi ɓeraye ko zomaye, a ba su ruwan wani ganye, a yanka su a ƙirga maniyyi. Ana koyon aikin ɗakin gwaji da ita, ban hana ba. Amma mutum ya kai farfesa a kan ɓeraye alhali makiyayin da ke bayan katangar jami'a bai taɓa amfana da shi ba, wannan asara ce ga ƙasa mai dabbobi miliyoyi. Tambayoyi na gaske suna nan jibge.

Ɗauki yunwar rani. Saniyar da ta haihu a ƙarshen hunturu tana shayarwa a lokacin da ciyawa ta ƙare, jikinta ya zube, gidan ƙwanta ya yi barci, ba za ta nemi bijimi ba sai damina ta yi nisa. An san wannan. Abin da makiyayi ke buƙata shi ne adadi: dusa nawa, angurya nawa, harawa nawa, na kwana nawa, a wane wata, zai sa ta dawo da wuri, kuma kuɗin abincin ya yi ƙasa da kuɗin maraƙin da za a samu? A ganina yawancin rashin haihuwar shanunmu a nan yake, kuma allurar homon ba ta ta da gidan ƙwan saniyar da haƙarƙarinta ke a waje.

Ga bakkale, cutar da ke sa ɓari a watannin ƙarshe na ciki, ta maƙalar da mabiyiya, ta kumbura gwiwa da maraina. Ga sammore da abin da yake yi wa maniyyin rago da bijimi. Ga jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, mai yawan tagwaye, wadda 'ya'yanta da dama ke mutuwa kafin yaye. Ga tumakinmu, 'Yankasa da Uda da Balami: duk shekara ragunan da suka fi girma da kyau su ake warewa a turke don layya, waɗanda suka rage su ke barbara, kuma ya kamata a auna abin da hakan ke yi wa iri. Ma'aunin kewayen maraina da ke cikin littattafai a kan shanun Turai aka gina shi, Bunaji da Rahaji da Bokolo da Azawak kuwa sun fi jinkirin balaga, suna buƙatar nasu ma'aunin. Raƙumi ma fili ne babba: taguwa tana ɗaukar ciki kusan wata 13, ƙwanta ba ya fashewa sai amale ya hau ta, shi kuma amalen lokacin sanyi yake tashi, ga maniyyinsa mai yauƙi da wuyar sarrafawa. Ga jakuna da cinikin fata ke ƙararwa, alhali jaka shekara guda take ɗaukar ciki.

Ko ɗurin maniyyin da gwamnatoci ke kashe wa kuɗi, in bai kama ba, wa ke bincika dalili? Akwai hanya mai sauƙi. Ka ɗebi jinin saniya ranar da aka yi mata ɗuri, ka auna furojestaron. In ya yi sama a ranar, ba ta cikin neman bijimi, an yi ɗurin a banza, laifin na gano lokaci ne. In ka ɗeba sau biyu da tazarar kwana 10 ko 11 duka ya yi ƙasa, gidan ƙwanta ba ya aiki, sai a koma kan abinci. Da wannan kaɗai za ka raba matsalar gida-gida. Haka batun haɗa iri da Firisiyan, shanun madara na Turai: rabi-da-rabi tana ba da madara in ta sami abinci da inuwa, amma in jinin Turai ya yi yawa, zafi da kaska da kirci su kan kayar da ita. Mai ba manomi shawara yana buƙatar alƙaluma daga gonakinmu.

Tsara gwajin

Ka ga masanin ƙididdiga kafin ka sayi dabba ko ɗaya. Ciki abu ne na ta ɗauka ko ba ta ɗauka ba, kuma da shanu goma a kowane rukuni, in shida suka ɗauka a nan biyar a can, ba abin da ka gano. In kuɗinka ba zai kai adadin da ake buƙata ba, ka sauya tambayar zuwa abin da ake aunawa da lamba, kamar kwanakin da saniya ta yi kafin ta dawo zagaye. Wani kuskure da ya zama ruwan dare: a ɗebi maniyyi sau ashirin-ashirin daga raguna uku a ce samfuri sittin ne. Raguna uku ne. Mujallar kirki da ganin haka za ta dawo maka da takardarka.

Ka nemi amincewar kwamitin kula da dabbobin bincike na jami'arka tun farko, don mujallu suna tambayar lambar. Ka raba dabbobi rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a. Ka rubuta ƙibar kowace dabba a ma'aunin 1 zuwa 5 duk lokacin da ka duba ta, da watan da aka yi aikin, tunda sakamakon bazara daban yake da na kaka. In za ka daidaita lokacin neman bijimi da allurar homon ta furostagilandin, allura biyu ake yi da tazarar kwana 11, kuma dole ka duba ciki tukuna domin tana zubar da shi.

Sai abubuwan da ba a koyarwa a aji. Ruwan jinin da ka tara wata shida yana iya lalacewa a dare biyu na rashin wuta, saboda haka ka raba kowane samfuri gida biyu, ka ajiye a firiza biyu a gine-gine daban, ɗaya mai sola in da hali. Ka san inda za ka sami naitirojin kafin tulu ya kusa ƙafewa. Ka sa kuɗin abincin dabbobi na ƙarin watanni a kasafinka: yajin aikin ASUU na 2020 ya kai wata tara, na 2022 wata takwas, dabbobin gwaji kuwa kullum sai sun ci. Littafin rubutunka na fili ka riƙa ɗaukar hotonsa da waya kowace yamma.

Shiga ruga, da tsare lafiyarka

Ba a faɗa wa garken mutum da sirinji. Ka bi ta hannun ardo ko mai unguwa da likitan dabbobin yankin, ka tambayi halin tsaro kafin kowace tafiya, ka je da sassafe kafin a saki shanu. Ka koyi gaisuwa da sunayen cututtuka da Fulatanci. Makiyayi ya san tarihin kowace saniya, haihuwarta nawa, ɓarinta nawa, wace ce uwarta, kuma in ya yarda da kai zai ba ka abin da babu shi a kowane fayil. Matan ruga su ke tatsa da sayar da nono, su suka fi sanin wadda nononta ya ragu, a nan mace mai bincike tana da damar da namiji ba shi da ita. Kada ka yi alkawarin da ba za ka cika ba. In ka ɗebi jini, ka dawo da sakamako da bakinka, ka ce wannan da wannan suna da bakkale, ga abin da ya kamata a yi. Masu ɗiba su tafi ba a sake ganinsu ba, su suka sa rugage da yawa ke rufe ƙofa. Za a kuma yi maka tambayar hukuncin ɗurin maniyyi da karɓar kuɗin baye a addini. Kada ka yi fatawa, ka bayyana yadda aikin yake dalla-dalla, ka haɗa su da malamin da suka yarda da shi.

Bakkale tana kama mutum, kuma likitan haihuwar dabbobi yana sahun gaba, don shi ke sa hannu cikin ruwan ɓari da mabiyiya. Zazzaɓi ne mai tafiya yana dawowa, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi, an sha ɗaukarsa maleriya ko taifot. Kada ka taɓa ɗan tayi ko mabiyiya da hannu tsirara, ka binne su da zurfi ko ka ƙona, kada ka sha ɗanyen nono ko da an ba ka don karamci, ka roƙa a tafasa. In zazzaɓi ya ƙi jin magani, ka gaya wa likita irin aikin da kake yi. Mace mai ciki da mai asma su nisanci furostagilandin, yana ratsa fata.

Digiri na uku, kuɗi da ƙarin girma

Ba a yin nisa a jami'a yanzu sai da digiri na uku. Shawarata ka ci gaba da zurfafa tambayar da ka fara, ka ƙara mata sabuwar dabara, maimakon ka yi tsalle zuwa wani abu daban. In ka sami damar fita waje, ta tallafin Commonwealth ko DAAD ta Jamus ko TWAS mai tallafa wa masana kimiyya na ƙasashe masu tasowa, ka fi neman tsarin da za ka tara samfuri a gida ka je can ka yi awo, kuma ka koyo abin da za ka iya ci gaba da shi in ka dawo. Wanda ya ƙware a na'urar da babu irinta a ƙasarsa yakan dawo ya zauna hannu rabbana. A Afirka ma akwai inda za a je: cibiyoyin binciken kiwon dabbobi na ILRI a Nairobi da Adis Ababa da CIRDES a Bobo Julaso ta Burkina Faso, da tashar Tukunus ta Nijar da ta daɗe tana renon shanun Azawak.

A gida, TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, tana da tallafin karatun malamai, da ƙaramin tallafin bincike da ake nema ta cikin jami'a, da babba na ƙasa da ake gasa a kansa. Ka fara da ƙaramin, ka gama, ka rufe lissafinsa tsaf, shi zai buɗe maka na gaba. Tun da aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya a 2024, maganar inganta iri ta ƙara ƙarfi, kuma masu alƙaluma a hannu su za a nema.

Ka wallafa aikinka tun kana ɗalibi. Mujallun fannin na duniya sun haɗa da Theriogenology, Animal Reproduction Science da Tropical Animal Health and Production, na gida kuma akwai Nigerian Veterinary Journal da Sokoto Journal of Veterinary Sciences. Mujallar da ta aiko maka saƙo tana cewa ka biya ta buga cikin mako guda, ka guje ta, masu tantancewa sun san su. In an dawo maka da takarda da gyara shafi uku, ka amsa ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi. Kada ka yanyanka bincike ɗaya gida biyar don yawan lamba, kada kuma ka sa sunan wanda bai yi komai ba don shi ma ya sa naka.

Tsanin shi ne Lakcara II, Lakcara I, Babban Lakcara, Mataimakin Farfesa, Farfesa, galibi da aƙalla shekara uku tsakanin mataki da mataki, kuma a matakai biyun ƙarshe ana aika ayyukanka ga masana na wajen jami'arka su tantance. Ka nemi kundin ƙa'idojin ƙarin girma na jami'arka tun shekarar farko, ka buɗe fayil kana jefa kowace takarda. A gefe guda ka shiga horon Kwalejin Likitocin Dabbobi ta Najeriya, CVSN, wanda ke kai mutum ga matsayin ƙwararre a asibiti, domin digiri na uku shaidar bincike ce, wannan kuwa shaidar iya duba dabba.

Ranar da aka fara ba ka ɗalibai, ka ɗora su a kan garkunan da ka riga ka saba da su. Ka zaɓi garke biyar ko goma, na makiyaya da na gonaki, ka sa wa dabbobin lamba a kunne da izinin masu su, a riƙa rubuta ranar haihuwa, ɓari, baye, mutuwa da ƙibar jiki wata-wata. Ɗalibin bana ya ɗauki abincin rani, na baɗi ya ɗauki bijimai, na gaba ya ɗauki bakkale, duk a kan dabbobin nan. A kasafin kowane tallafi da ka nema ka sa kuɗin mai da na wanda zai riƙa zagayawa yana cike rajistar, ka kuma ajiye kwafinta a sashe yadda wanda ya gaje ka zai iya ci gaba da ita.